Daga Ƙairawan zuwa yau: tarihin neman maganin ciwon damuwa

  

'Yan'uwa, a nan Gassi idan mutum ya daina fita, ya bar abinci, barci ya ƙaurace masa, sai ka ji ana cewa "aljanu ne" ko "imaninsa ne ya yi rauni". To, magabatanmu ba haka suka fahimci abin ba.

A Ƙairawan, garin mai Risalar da ɗalibanmu ke karantawa, likita Ishaƙu ɗan Imrana ya yi littafi sukutum a kan wannan cuta, wadda suke kira malikhuliya. Shi kuma Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauka ba dalili. Na biyun, in ji shi, daga jiki yake, sai an haɗa da magani.

Maganin zamani kuwa a kan hanya aka tsince shi. A 1952 likitoci a Amurka suka lura masu tarin fuka da ke shan iproniazid sun samu walwala. A 1957 Roland Kuhn na Suwizalan ya bayyana amfanin imipramine, sannan Prozac ya samu izini a 1987. Mutane da yawa sun samu sauƙi, amma kusan ɗaya cikin uku ba sa warkewa ko an sauya musu magani.

Nan aka koma duba garkuwar jiki. An ga masu ciwon hanta da ake yi wa allurar interferon, wadda ke zuga garkuwar, da dama sukan faɗa cikin damuwa. Sai aka ce: ashe kumburin da garkuwa ke tayarwa yana iya taɓa ƙwaƙwalwa? A 2013 Jami'ar Emory ta fitar da sakamakon gwajin infliximab, maganin kumburin gaɓɓai, a kan mutum 60 da magunguna suka gaza musu. A jimlace bai yi aiki ba, sai dai masu alamar kumburi sosai a jini sun nuna sauƙi. Har yanzu bincike ne, don haka kada wani ya ruga kasuwa sayen ƙwayar kumburi.

Darasinmu shi ne: wanda ya sha magani bai warke ba, ba laifinsa ba ne, wataƙila tushen ciwonsa ne daban. Annabi Yaƙuba (AS) ma baƙin ciki ya taɓa masa idanu, kuma ba wanda ya zarge shi da raunin imani. Mu yi wa mara lafiya addu'a, mu raka shi wurin likita, mu sake mayar da shi idan maganin farko bai karɓe shi ba. In ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.