Masu binciken bayan digirin digirgir: su wane ne, kuma wa ke kula da su?

Mai binciken bayan digirin digirgir, wanda ake kira postdoc da Turanci, shi ne wanda ya kammala digiri na uku, sannan ya karɓi aikin bincike na wucin gadi a ƙarƙashin wani babban malami kafin ya samu kujerarsa ta dindindin. Ya wuce matsayin ɗalibi, bai kuma kai na cikakken malamin jami'a ba. Kwantiraginsa kan kasance na shekara ɗaya zuwa uku, albashinsa kuma yakan fito ne daga tallafin binciken da maigidansa ya samo.

Tsarin ya kafu sosai a Amurka a 1919, lokacin da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta fara ba da irin wannan gurbi da kuɗin Gidauniyar Rockefeller. Wani rahoto na 1969 ya kwatanta waɗannan masu bincike da jami'ar da ba a gani, domin jami'o'i da yawa ba su ma san adadin waɗanda ke aiki a ɗakunan gwaje-gwajensu ba.

Tushen matsalar shi ne ikon da ke hannun mutum guda. Shugaban ɗakin bincike ne ke ɗaukar ma'aikacin, shi ke sabunta kwantiragi, shi ke da ta cewa kan jerin sunayen da za su fito a maƙala, shi ne kuma zai rubuta takardar shaidar da ake neman aiki na gaba da ita. Fiye da rabin masu wannan matsayi a Amurka baƙi ne da ke zaune da bizar wucin gadi, wadda ke ɗaure da wurin aikinsu. Wanda zamansa a ƙasa ya rataya a kan sa hannun maigidansa, da wuya ya kai ƙarar cin zarafi ko satar basira. Ofisoshin kula da su da jami'o'i suka buɗe, da ƙungiyarsu ta ƙasa da aka kafa a 2003, sun taimaka da horo da shawarwari, amma ba su da ikon tilasta wa shugaban ɗakin bincike komai.

Inda aka ga sauyi na zahiri shi ne inda suka shiga ƙungiyar ƙwadago. A Jami'ar Kalifoniya sun kafa tasu a 2008 ƙarƙashin UAW, ƙungiyar da asalinta ta ma'aikatan kamfanonin motoci ce. A ranar 14 ga Nuwamban 2022, su da ɗalibai masu koyarwa da sauran masu bincike, kimanin mutum 48,000, suka tsunduma yajin aiki, kuma suka fito da ƙarin albashi. A 2024 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ɗaga mafi ƙarancin alawus ɗin da take biyansu daga dala 56,484 zuwa 61,008 a shekara, duk da cewa kwamitinta ya ba da shawarar dala 70,000.

Jamus ta bi ta hanyar doka. Dokar 2007 ta yarje wa jami'o'i su riƙe mai bincike da kwantiragin wucin gadi na shekara shida bayan digiri na uku, ko tara a fannin likitanci. Ɗaya daga cikin manufofin ita ce a hana riƙe mutum da kwantiragin wucin gadi har abada, amma a aikace jami'o'i kan sallame shi idan wa'adin ya cika, maimakon su tabbatar da shi. A 2021 dubban masu bincike suka yi wa tsarin bore a Twitter da taken #IchBinHanna, bayan wani bidiyon ma'aikatar ilimi ya kare dokar da cewa tana hana tsara guda toshe guraben aiki.