Asalin Taken "Bonnie Kate" a Kiɗan Gogen Ailan

A ƙasar Ailan akwai wani irin goge na Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda makaɗi kan ɗora a kafaɗa ya tokare da haɓa. Da shi ake kaɗa yawancin taken rawar gargajiya na ƙasar. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne "Bonnie Kate", take mai sauri wanda ba shi da waƙa, sai kiɗa zalla. Yana da gaɓa biyu, ana gama ta farko a shiga ta biyu, sannan a sake komawa farko.

Duk da cewa a yau ana ɗaukarsa na Ailan ne, asalinsa daga Sikotilan yake. Masu bincike sun danganta shi da wani take mai suna "The Bonnie Lass of Fisherrow", wato kyakkyawar budurwar Fisherrow, wani ƙauyen masunta a gabas da birnin Edinbara. Akan jingina ƙirƙirarsa ga Daniel Dow, makaɗin da ya zauna a Edinbara ya kuma rasu a 1783. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin irin wannan kiɗan rawa mai sauri daga Sikotilan ya tsallaka zuwa Ailan a ƙarni na 18. Da ya isa can, makaɗan karkara suka riƙa koyonsa da ka, kowa yana ƙara masa nasa gishirin, har sunan ma ya canza.

Bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, mutanen Ailan sun yi ta ƙaura zuwa Amurka, kuma da kiɗansu suka tafi. A birnin Shikago, Francis O'Neill, haifaffen Ailan wanda ya shugabanci 'yan sandan birnin daga 1901 zuwa 1905, ya tattara take 1,850 ya buga a littafi a 1903. "Bonnie Kate" na cikinsu.

Amma wanda ya ba taken kamannin da aka san shi da su yanzu shi ne Michael Coleman. An haife shi a 1891 a gundumar Sligo, ya tafi Amurka a 1914, ya kuma fara ɗaukar kiɗa a faifan garmaho a 1921. A 1934, a birnin Niyu Yok, ya kaɗa "Bonnie Kate" ga kamfanin Decca. Fuskar faifai ɗaya a lokacin ba ta wuce kamar minti uku ba, sai ya cika ta da take biyu: ya fara da "Bonnie Kate", ya zarce da wani mai suna "Jenny's Chickens". Duk komawar da ya yi kan gaɓa sai ya sauya mata ado, ga sauri, ga tsabtar hannu.

'Yan ƙaura suka riƙa aika faya-fayan gida. A ƙauyukan Ailan maƙwabta kan taru a gidan mai garmaho su saurara, samari kuwa su yi ta maimaita faifan har su haddace. A nan ne aka samu riba da hasara lokaci guda. Kiɗan da ya fara ja da baya ya farfaɗo, amma kuma salon Sligo ya danne na wasu yankuna, domin makaɗa da yawa sun bar yadda iyayensu ke kaɗawa suka koma kwaikwayon Coleman. Abin da a dā kowace gunduma ke da nata, sai ga shi faifai ɗaya ya zama ma'auni.

Coleman ya rasu a Niyu Yok a 1945. Har yanzu idan makaɗa suka haɗu, wani ya tayar da "Bonnie Kate", sau da yawa ba a buƙatar tambayar abin da zai biyo baya, kowa ya san "Jenny's Chickens" ne.