Maraɗi: daga zamanin Iya zuwa zamanin Izala

Bayan mayaƙan jihadi sun ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajejen 1819. Sarki musulmi ne, yana da limamansa, amma yawancin manoman karkara Azna ne, kuma Iya, uwar ƴan bori, tana da babbar kujera a fada. A ƙasar Sakkwato kuwa, jiziya Maguzawa suke biya.

Mai salla a Maraɗin wancan lokaci kasuwarsa ɗaya da mai tsafi, rijiyarsu ɗaya. Malami yakan ga abin da zuciyarsa ta ƙi, ba shi da ikon hanawa, sai wa'azi.

A zamanin Faransawa cinikin gyaɗa ya haifar da alhazai, musulunci ya game ƙauyuka, bori ya koma cikin gidaje. Rinjaye ya kawo masallatai da makarantu, amma bai kashe gardama ba: ta dawo tsakanin masu alƙibla ɗaya. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta iso, ɗa ya daina bin ubansa ɗan ɗariƙa salla. Marasa rinjaye kuma suka koyi tsoro. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai.

Iyaye da malamai, kundin tsarin mulkin 2010 ya raba addini da gwamnati a lokacin da yake aiki, amma doka ba ta tarbiyya. Yaron da bai taɓa zama benci ɗaya da mai wani addini ba, wa zai koya masa haƙƙin maƙwabci in ba mu ba?