Ɓatagarawa: Daga Gandu Zuwa Ɗaki Da Falo

A ƙasar Hausa ta dā, ba a ƙirga gida da yawan ɗakuna, sai da yawan masu ci daga tukunya ɗaya. Ginshiƙin wannan zama shi ne gandu. Ɗa ko ya yi aure yana nan ƙarƙashin mahaifinsa, ya yi noma a gonar gida daga safe zuwa azahar, da yamma ya koma gayaunarsa. Shi kuma uba ya ciyar da shi da iyalinsa, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari.

A shekarar 1967 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta yi bincike a Ɓatagarawa, kudu da birnin Katsina, ta fitar da littafi a kai a 1972. Ta tarar gandun uba da 'ya'ya na nan da ƙarfinsa, amma da wuya 'yan'uwa su daɗe suna noma tare bayan rasuwar uba. Ana raba gado, kowa sai ya ja iyalinsa. Ta kuma lura cewa mai wadata ya fi iya riƙe 'ya'yansa, domin wanda rumbunsa ya ƙare kafin damina ba shi da abin da zai tsare su da shi.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Farin farkon shekarun 1970 ya kora samari cin rani, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwashe yara daga gona, sannan aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Birni ya yi ta miƙewa kudu, gonaki suka koma fulotai. Saurayin da ke samun kuɗinsa a kasuwa ko ofis ba ya jiran uba ya yi masa aure, amarya kuma ta fi son nata murhun.

Rabuwar ta rage rikicin faccaloli, ta ba matasa ikon aljihunsu. Sai dai gandu ba gona kaɗai ba ne. Shi ke riƙe tsoho idan ƙarfi ya ƙare, ya karɓi bazawara, ya reni maraya ba tare da an kira taro ba. Yau wannan nauyi yakan faɗa kan ɗa ɗaya mai ɗan hali, ko ya zauna babu mai ɗauka. An raba gona, an raba tukunya, amma har yanzu ba a zauna an raba nauyin ba.