Tunawa da 'Yan Mazan Jiya: Darasi Daga Langemark

Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa. Amma tarihi ya nuna cewa sau da yawa masu mulki kan waiwayi kaburburan sojoji domin su sami hujjar haƙa waɗansu sababbi. Labarin Langemark, wani ƙauye a ƙasar Beljiyam, ya isa misali.

A ranar 10 ga Nuwamba, 1914, wato farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, hafsoshin Jamus suka tura rundunonin sababbin sojoji, waɗanda ba su sami isasshen horo ba, su auka wa abokan gaba da suka riga suka ja daga. Aka yi musu kisan kiyashi, harin kuwa bai cim ma komai ba. Kashegari hedkwatar sojan Jamus ta ba da sanarwa cewa samari sun kutsa cikin abokan gaba suna rera waƙar kishin ƙasa. Masana tarihi sun yi shakkar wannan batu, sun kuma nuna cewa yawancin waɗanda suka halaka ba ɗalibai ba ne, kamar yadda aka yayata daga baya.

Duk da haka labarin ya kafu. Daga shekarar 1928 ƙungiyar ɗaliban jami'o'in Jamus ta riƙa yin bikin Langemark kowace shekara. A 1932 aka buɗe maƙabartar sojojin Jamus a ƙauyen. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sai suka rungumi labarin, har suka gina zauren tunawa mai wannan suna a filin wasannin Olamfik na Balin a 1936. Hitila kansa ya ziyarci maƙabartar a 1940. Abin da ake cusa wa matasa shi ne, waɗanda suka mutu sun bar musu bashi, bashin kuwa ba ya biyuwa sai da jini. A ƙarshen 1944 an kai ga kiran yara 'yan shekara 16 su ɗauki bindiga.

Dabarar a fili take. An ɓoye kuskuren hafsoshi, an mai da asara ta zama abin alfahari, sa'an nan aka ari bakin matattu aka ci musu albasa, tun da mamaci ba ya musu.

Girmama wanda ya ba da ransa wajibi ne a kan kowace al'umma, Nijeriya ma ta keɓe ranar 15 ga Janairu domin haka, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Sai dai ya kamata ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su auna kowane bikin tunawa da tambayoyi uku: wa ya ba da umarnin da ya kai sojojin ga halaka, me aka yi wa matansu da marayunsu, kuma me mai jawabin yake nema daga samarin da ke saurarensa?