Yajin Kwana 17 A Sekondi Da Takoradi, 1961

Jama'a, a wannan fitowa muna so mu waiwayi wani al'amari da ya auku a ƙasar nan cikin 1961, wanda yaranmu na zango da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba, watau yajin aikin da ma'aikatan reluwe da na tashar jiragen ruwa suka yi a Sekondi da Takoradi.

Asalin maganar koko ne. Bayan samun mulkin kai a 1957, Gwamnatin Kwame Nkrumah ta ɗauko manyan ayyuka, hanyoyi da makarantu da sabuwar tashar Tema, ga kuma madatsar ruwa ta Akosombo tana tafe. Kuɗin koko kuwa sai faɗuwa ya ke yi a kasuwar duniya, ajiyar da ƙasa ta ke da ita a Ingila tana ta zurarewa. To, cikin watan Yuli 1961 sai aka kawo kasafin kuɗi mai tsanani, bisa shawarar wani masani daga Ingila, Nicholas Kaldor. Aka ƙara kuɗin fito a kan kayan da a ke shigowa da su, sa'an nan aka ce wanda albashinsa ya wuce fam 120 a shekara za a riƙa yanke masa kashi 5 cikin 100, wai ajiyar dole, sai bayan shekaru a mayar masa. Mu da mu ke aikin akawu mun san lissafin: sule guda ke nan cikin kowane fam, a daidai lokacin da sukari da sabulu da atamfa suka yi tsada.

Wa zai yi magana da bakin ma'aikata? Ai babbar ƙungiya ce, T.U.C. Amma tun dokar 1958 an haɗe ƙungiyoyi duka a ƙarƙashinta, kuɗin ƙungiya daga albashi a ke cire shi tun bai kai hannun mai shi ba, yaji kuma ya zama abin da doka ta kusa hanawa ɗungum. Shugabanta John Tettegah ɗan C.P.P. ne na gaba-gaba. Saboda haka da kasafin ya fito, manyan T.U.C. suka goyi bayansa.

Mutanen reluwe na Sekondi ba su yarda ba. Kada kuwa mai karatu ya ɗauka abokan gaban Nkrumah ne tun asali. Su ne ƙashin bayan babban yajin Janairu 1950, sa'ad da Pobee Biney, direban jirgin ƙasa, ya ja su suka tsai da aiki don neman mulkin kai. Abin da ya ƙona musu rai shi ne sun ga waɗanda suka sha rana tare sun gina benaye, suna hawan manyan motoci, su kuwa ana cewa su ɗaure ciki. Nkrumah da kansa ya tsawata wa irin waɗannan manya a jawabinsa na asuba ran 8 ga Afrilu na shekarar nan.

Ran 4 ga Satumba aka ajiye aiki. Shugaban ƙasa ba ya gida, yana taron Belgrad da ziyarar Rasha. Yajin ya taɓa Kumasi da Ankara, amma can bai daɗe ba aka koma aiki. A Sekondi da Takoradi kuwa sai da ya yi kwana 17, kuma a ganinmu dalilin wannan bambanci shi ne abin lura cikin labarin duka.

Ma'aikaci ba shi da rumbu. In ya yi mako bai karɓi kome ba, tukunyar gidansa ce za ta kore shi zuwa bakin aiki, ba ɗan sanda ba. Abin da ya faru a garuruwan nan biyu shi ne gari ya ɗauki yajin ya mai da shi nasa. Matan kasuwa suka riƙa ba masu yaji abinci, waɗansu kyauta, waɗansu bashi. Ba don tausayi kaɗai ba: albashin reluwe da na tasha shi ke juya kasuwarsu, ranar biya ita ce ranar cinikinsu, sulen da aka yanke wa miji kuwa daga faifan mai sai da kifi aka yanke shi. Su ma tsadar kaya ta cije su. Leburori waɗanda albashinsu bai ma kai a yanke ba suka shiga, marasa aiki suka cika tarurruka. Wani minista, Tawia Adamafio, ya kira masu yajin ɓeraye, wannan kuwa bai ƙara kome ba sai fushi.

Amma taron dangi yana da nasa haɗari. 'Yan jam'iyyar hamayya ta U.P. su ma suka matso, Gwamnati kuwa ta samu abin da ta ke nema, ta ce wannan ba maganar albashi ba ce, makirci ne na kifar da mulki. Nkrumah ya dawo tsakiyar Satumba. Da farko ya sassauta, ya ɗage dokar ta-ɓaci, ya roƙi a koma aiki. Da aka ƙi, ya yi magana a rediyo da kakkausar murya, ya ba da wa'adi. Mutane suka koma, ba a janye ajiyar dolen ba a lokacin.

Farkon Oktoba aka kama mutum wajen 50 da dokar tsarewa ba shari'a ta 1958. Cikinsu akwai Dokta J. B. Danquah da Joe Appiah, da shugabannin yajin, har da waɗansu daga cikin matan kasuwar da suka ciyad da su. Mu mutanen zango ba baƙin irin wannan ba ne, gama tun 1957 aka fitar da Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga Kumasi zuwa Nijeriya saboda siyasa.

Bayan shekara goma, cikin 1971, Gwamnatin Busia ta zo da nata yankan albashi da sunan harajin raya ƙasa. Wannan karo T.U.C. ta ƙi, Gwamnati ta rushe ta cikin Satumba, ran 13 ga Janairu 1972 kuma soja suka kawar da Gwamnatin.