Alcee Hastings: Alƙalin da Aka Tsige Ya Zama Ɗan Majalisa

Rayuwar Alcee Hastings ta fito da wani abu game da tsarin mulkin Amurka: zargi ɗaya na iya zuwa gaban mahukunta uku, kowanne ya yanke nasa hukuncin daban.

An haifi Hastings a 1936 a garin Altamonte Springs na jihar Florida, a zamanin wariyar launin fata. Ya kammala Jami'ar Fisk a 1958, ya sami digirin lauya a Jami'ar Florida A&M a 1963, ya kuma yi suna wajen kare haƙƙin baƙaƙen fata. A 1979 Shugaba Jimmy Carter ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera a jihar.

A 1981 aka zarge shi da haɗa baki da abokinsa lauya William Borders domin karɓar cin hancin dala 150,000, a sassauta wa wasu 'yan'uwa biyu hukunci. Wani tsohon jami'in FBI ne ya yi shigar burtu a matsayin ɗaya daga cikinsu. Don a gamsar da shi cewa da sanin alƙali, Borders ya ce za a ga Hastings ya je cin abinci otal ɗin Fontainebleau a rana da lokacin da aka ajiye, kuma ya je. Kotu ta ɗaure Borders, amma a 1983 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Hastings.

Alƙalai 'yan'uwansa ba su gamsu ba. Bincikensu ya kai ga cewa ya yi ƙarya bayan ya yi rantsuwa. A 1988 Majalisar Wakilai ta tuhume shi da ƙuri'a 413 da 3. Wanda ya jagoranci binciken majalisar, John Conyers, shi ma baƙar fata ne, abin da ya raunana hujjar cewa bi-ta-da-ƙulli ce ta launin fata. A Oktoban 1989 Majalisar Dattawa ta sauke shi.

Ina aka sami saɓani? Kotun laifi tana neman hujjar da babu kokwanto a cikinta kafin ta ɗaure mutum. Tsigewa kuwa tambayarta ita ce ko mutum ya cancanci ci gaba da riƙe amana, shi ya sa ba a ɗauke ta a matsayin gurfanarwa sau biyu ba. Haramta wa wanda aka tsige riƙe muƙami kuma sai da ƙuri'a ta daban, wadda dattawan ba su kaɗa ba.

Ta wannan ƙofar ya koma siyasa. A 1992 mutanen wata sabuwar mazaɓa a kudancin Florida suka tura shi majalisar da ta tuhume shi, suka yi ta maimaita masa har rasuwarsa a Afrilun 2021. Ya shugabanci majalisar 'yan dokoki ta ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai daga 2004 zuwa 2006. Sai dai tabon bai goge ba, domin a 2006 Nancy Pelosi, jagorar jam'iyyarsa a majalisar, ta ƙi ba shi shugabancin kwamitin leƙen asiri.

Darasin a bayyane yake: wankewar kotu ba shaidar cancanta ba ce, yawan ƙuri'a kuma ba ya share tarihi. Hastings ya yi shekara 28 a majalisa, amma yana cikin alƙalan tarayya takwas kacal da Majalisar Dattawa ta taɓa saukewa.